Tambaya a kan can, may, must da 'yan'uwansu: yaya ake rarrabe izini da yiwuwa da tilas?

Usmanu, daga Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah, malamai da iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a nan Garwa, a ɓangaren masu karatu da Faransanci, kuma Ingilishi yana cikin darussan da za mu rubuta a jarrabawar Bak, wato ta kammala sakandare. Akwai waɗansu ƙananan kalmomi da ke zuwa kafin aikatau, wato can, could, may, might, must, should da have to, waɗanda suka zame wa yawancin 'yan ajinmu ƙarfen ƙafa, domin duk lokacin da aka ba mu jimla mai gurbi aka ce mu cike, sai mu ga kamar biyu ko uku daga cikinsu duk sun dace da wurin.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne mun saba gina jimlar da Faransanci a zuci kafin mu juya ta, alhali Faransanci da kalmomi biyu ne yake yin mafi yawan wannan aiki, pouvoir da devoir. Idan muka buɗe ƙamus, sai pouvoir ya ba mu can da may a layi ɗaya, devoir kuma ya ba mu must da have to da should, ba tare da an faɗa mana inda kowace take zama ba. Ga jimloli uku daga takardar gwajin da muka yi, waɗanda har yanzu muke musu a kansu: "You ... use your phone during the exam", sai "You ... come on Saturday, there is no class", sannan "Ali is absent today, he ... be ill". A ta biyun wasu sun sa mustn't, wasu sun sa don't have to, kowa kuma yana ganin tasa ce daidai. A ta ukun kuwa an ce must ne ya dace, mu kuma ba mu gane yadda za a ce tilas ne mutum ya yi rashin lafiya ba.

Ina roƙon malamai su warware mana yadda ake rarrabe izini da yiwuwa da tilas a waɗannan kalmomi, da irin bayanin da mutum zai riƙe a kansa ko da babu littafi a gabansa. Allah ya saka da alheri.

Malam Hamadu, malamin Ingilishi, daga Marwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Usmanu, tambayarka ta faɗa a kan gaɓa, kuma ka riga ka gano rabin amsar da kanka da ka ambaci hanyar da kuke bi ta Faransanci. Shawarata gare ka, da duk ɗalibin da ya tashi da Hausa a bakinsa, ita ce a wannan babi ku bar Faransanci ya huta, ku tashi daga Hausa kai tsaye zuwa Ingilishi, saboda Hausa ta ware waɗannan ma'anoni da kalmomi dabam-dabam waɗanda ko yaro ƙarami ba ya rikita su.

Siffar kalmomin ba ta da wuya, don haka ba zan daɗe a kanta ba. Ba a ƙara musu s ko da ana magana a kan mutum ɗaya, ba a sa to tsakaninsu da aikatau, kuma ba sa neman do wajen tambaya ko korewa, shi ya sa ake cewa "She can swim" da "Must I pay now?" da "He should not go". Have to ne ya fita daban, domin shi yana tafiya ne kamar sauran aikatau na yau da kullum: "She has to go", "Does she have to go?".

Yanzu ka ɗauki jimlar Asabar ɗin nan ka faɗe ta da Hausa. Idan malami ya ce maka "Kada ka zo ranar Asabar", to ya hana ka, in ka je ka saɓa umurni. Idan kuwa ya ce "Ba sai ka zo ranar Asabar ba", nauyi kawai ya ɗauke maka, in ka ga dama ka je ka zauna ƙarƙashin darbejiya a harabar lise ka yi bitar karatunka, babu mai ce maka uffan. Na farkon shi ne mustn't, na biyun shi ne don't have to, ko needn't. Tunda dalilin da aka bayar a jimlar shi ne babu darasi, ba wai an rufe makaranta an hana shiga ba, amsar ita ce "You don't have to come on Saturday". Jimlar wayar kuwa hani ce tsantsa, "You mustn't use your phone during the exam", kuma a maganar baka can't ma yana shiga a wurin. A nan nake so ku fi sa ido, saboda must da have to suna kusa da juna ƙwarai idan ana tabbatarwa, amma da zarar an kore su sai kowa ya kama gabansa. Illar rikita su ba ta tsayawa a takardar jarrabawa, domin wanda ya karanta "must not be taken on an empty stomach" a jikin kwalin magani, ya fahimce shi a matsayin "ba dole ba ne", zai haɗiye maganin da sassafe kafin ya sa komai a bakinsa, ya cuci kansa.

Idan ana tabbatarwa, bambancin ɗan kaɗan ne. Must ya fi nuna tilas ɗin da ya fito daga mai maganar, kamar uba ya ce wa ɗansa "You must be home before sunset", ko mutum ya ce wa kansa "I must study tonight". Have to kuma ya fi nuna tilas ɗin da wata doka ko wani hali ya ɗora, kamar "We have to show our identity cards at the checkpoint". Mutanen Amurka sun fi yawaita have to a hirarsu, must kuma an fi ganinsa a rubuce, a allunan sanarwa da takardun umurni. Should ba tilas ba ne, shi ne "ya kamata" ɗinmu, shawara ce wadda mutum yake iya ƙin bi ba tare da an hukunta shi ba.

Akwai wata hanya da nake ba ɗalibaina waɗanda suka yi karatun fiƙihu ko da kaɗan ne, wato su jera kalmomin a kan hukunce-hukuncen nan biyar. Must yana gefen wajibi, should yana gefen mustahabbi, may da can suna gefen halal da aka bar wa mutum zaɓi, shouldn't yana gefen makaruhi, mustn't kuma yana gefen haram. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san cewa a ce abu ba wajibi ba ne, ba ya nufin ya zama haram, kuma tazarar da ke tsakanin don't have to da mustn't ke nan.

Saura jimlar Ali. Yawancin waɗannan kalmomi aiki biyu suke yi. Wani lokaci suna magana a kan abin da aka yarda ko aka ɗora wa mutum, wani lokaci kuma suna nuna gwargwadon yadda mai magana ya gaskata abin da yake faɗa. A "He must be ill" babu wanda ya umurci Ali ya kwanta ciwo. Mai maganar ne ya duba alamu, ya ga yaro ne da ba ya fashi, jiya kuma yana ta tari, sai ya yanke cewa lalle ba shi da lafiya. Mu ma mukan ce "Dole ya gaji, tun asuba yake tafe", ba kuwa umurtarsa muka yi da gajiya ba. Idan alamun ba su da ƙarfi sai a sauko zuwa may, might ko could, waɗanda suke daidai da "wataƙila" da "mai yiwuwa". Kishiyar wannan must ɗin kuwa can't ce, ba mustn't ba: "He can't be ill, I saw him playing football this morning", wato ba zai yiwu a ce ba shi da lafiya ba.

Malama Hadizatu, sakatariya, daga Ngaundare

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara basira, bayanin ya gamsar. Ƙanena Usmanu, ni ba malama ba ce a aji, amma aikina kullum rubuta wasiƙu ne da karɓar baƙi cikin harsunan biyu, don haka zan ɗan ƙara a kan izini, wanda Malam ya ratsa da sauri.

Can I, could I da may I duk neman izini suke yi, abin da ya raba su shi ne matsayin wanda kake magana da shi. Abokinka na aji kana iya ce masa "Can I borrow your pen?", babu laifi. Wanda ba ka saba da shi ba, ko ya girme ka, could ya fi taushi, kuma a nan ba ya nufin lokacin da ya wuce, ladabi ne kawai, kamar yadda muke sa "don Allah" ko "ko zan iya" a farkon roƙo. May kuwa na wuraren hukuma ne: ƙofar ofishin shugaban makaranta, gaban masu jarrabawar baka, wasiƙar neman aiki. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce "May I come in, sir?" ya shiga da mutuncinsa. Abin lura shi ne mai bayar da izini ba ya amsawa da could. In an ce maka "Could I sit here?", amsar ita ce "Yes, you can" ko "Of course". Haka kuma idan kai ne kake roƙon wani ya yi maka abu, ba a cewa "May you help me?", sai dai "Could you help me?" ko "Would you help me?", domin may you a farkon jimla addu'a ce, kamar "May you live long", wato Allah ya ja da ranka.

Akwai kuma shall, wadda ba ka ambata ba, amma duk wanda zai yi aikin ofis a Kamaru sai ya haɗu da ita. A makaranta ana koya mana ita a matsayin kalmar lokaci mai zuwa, ko ta tayin taimako kamar "Shall I open the window?", amma a takardun doka da na kwangila tilas take nunawa. Kundin tsarin mulkinmu na 1996, a sashe na farko, yana cewa: "The official languages of the Republic of Cameroon shall be English and French, both languages having the same status." Wannan ba alkawarin abin da zai faru gobe ba ne, hukunci ne da ya hau kan kowa tun ranar da aka sa hannu. Tun bayan dokar 24 ga Disamba 2019 a kan inganta harsunan hukuma, buƙatar mutanen da za su iya rubuta sanarwa ɗaya cikin harsunan biyu ta ƙara fitowa fili, kuma wanda ya sa may a inda ya kamata ya sa shall ya mayar da doka zaɓi. Saboda haka kada ku ɗauki wannan darasi a matsayin na cin jarrabawa kaɗai.

Malam Abakar, daga Njamena

Sallama ga jama'ar zaure. Malam Hamadu, Allah ya saka, na ƙaru ƙwarai. Mu a nan Chadi harsunan hukuma Faransanci ne da Larabci, Ingilishi kuwa mafi yawanmu da girmanmu muka nemi shi, saboda aiki ko kasuwanci. Wanda ya san Larabci yana da wata ƙofar kuma, domin yajibu yana tafiya da must, yanbagi da should, yajuzu da may na izini, yumkinu kuma da may na yiwuwa.

Sai dai ina da ɗan tsokaci a kan jerin hukunce-hukunce biyar ɗin, tare da girmamawa. Yana taimaka wa mai koyo ya riƙe matakan, amma kada yara su ɗauka nauyinsu ɗaya ne. Bature yana ce wa baƙonsa "You must visit us again" ko "You must taste this", ba kuwa wajabta masa komai ya yi ba, nacin karamci ne irin namu na "sai ka ci za ka tafi". Haka kuma shouldn't wani lokaci yana ɗauke da gargaɗi mai tsanani, kamar likita ya ce "You shouldn't drive after taking this medicine". Dole mai karatu ya duba wa ke magana, da wa yake yi, a kuma wane wuri.

Abu na biyu shi ne na 'yan'uwanmu da suke tsince Ingilishi a kasuwannin kan iyaka, daga Kusiri zuwa Fotokol da Gamboru, ko masu zirga-zirga zuwa Mubi da Yola. A Burokan da ake yi a waɗannan wurare, fit ita ce take ɗaukar iyawa da izini da yiwuwa gaba ɗaya, ana cewa "I fit go", kowa kuma ya gane. Wannan harshe ne mai tsarinsa, yana biyan buƙatar ciniki, amma mai rubuta jarrabawa ya san ba a karɓarsa a takarda. Ana kuma yawan jin "I can be able to come", wanda maimaici ne, sai dai a zaɓi ɗaya: "I can come" ko "I will be able to come". Ba a jera biyu daga cikin waɗannan kalmomi a wuri guda, shi ya sa ba a cewa will can ko will must, sai will be able to da will have to.

Usmanu, daga Garwa

Na gode ƙwarai, Malam Hamadu, Yaya Hadizatu da Malam Abakar, Allah ya biya ku. Na karanta wa abokan karatuna amsoshinku, musun Asabar kuma ya ƙare nan take da muka faɗi jimlar da Hausa. Saura abu biyu da muke neman ƙarin haske a kansu. Na farko, mun ga "It can be very hot in April" da kuma "It may be very hot tomorrow", ba mu san dalilin da ya sa aka sauya kalmar ba tunda duk yiwuwa ce. Na biyu, yaya ake mayar da waɗannan jimloli zuwa lokacin da ya wuce? A Faransanci muna cewa "il a dû partir", to shin "he had to leave" za mu rubuta ko "he must have left"?

Malam Hamadu, malamin Ingilishi, daga Marwa

Malam Abakar, tsokacinka daidai ne, na karɓa. Jerin nan tsani ne na hawa kawai, kuma misalinka na karamci zan kai shi aji. Malama Hadizatu, batun shall da kika kawo ya cike gurbin da na bari.

Ɗana Usmanu, a tambayarka ta farko ma Hausa ta riga ta raba maka gardama. "It can be very hot in April" magana ce a kan abin da aka saba gani, wato akan yi zafi mai tsanani a watan Afrilu, kuma duk wanda ya yi bazara a Garwa ko Marwa ba ya buƙatar shaida. "It may be very hot tomorrow" kuwa hasashe ne a kan rana guda, wato wataƙila a yi zafi gobe. Don haka idan kana maganar wani lamari takamaimai da ba ka tabbatar ba, may, might ko could za ka ɗauka, ba can ba. Ba a cewa "It can rain this evening" da nufin hasashe, sai "It may rain this evening". Ka kuma kula da may not, domin fuska biyu gare ta: "Candidates may not leave the hall" hani ne daga hukumar jarrabawa, amma "The teacher may not come today" yana nufin wataƙila malam ba zai zo ba.

Jimlar Faransancin da ka kawo ita ce babbar hujjata a kan shawarar da na fara ba ka, saboda "il a dû partir" tana ɗaukar ma'anonin biyu duka, sai abin da ke kewaye da ita ne zai nuna wadda ake nufi. Ingilishi kuwa ya raba su. Must na tilas ba shi da siffar lokacin da ya wuce, sai a ari had to, don haka "He had to leave" yana nufin tafiyar ta zame masa dole, ya kuma tafi. "He must have left" kuwa yana nufin lalle ya riga ya tafi, ga alamu na gani. Ka ɗauka ka isa tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare da dare, ka tarar dandamali wayam, masu sayar da abinci suna tattara kwanukansu. Abin da za ka ce shi ne "The train must have left". Idan kuma kana ba da labarin yadda ka rasa jirgin ka shiga mota zuwa Yawunde, sai ka ce "I had to take the bus".

Sauran ma haka suke tafiya, a sa have da siffa ta uku ta aikatau, irin su left, forgotten da finished. "She may have forgotten" ko "She might have forgotten" yana nufin wataƙila ta manta. "He can't have finished" yana nufin ba zai yiwu a ce ya gama ba. "You should have told me" zargi ne a kan abin da ba a yi ba, ya kamata a ce ka gaya mini amma ba ka faɗa ba, kuma a nan Faransanci yana taimakawa, domin daidai yake da "tu aurais dû". Izinin da aka ba mutum sau ɗaya a baya kuwa, was allowed to ake sa masa: "I was allowed to leave early yesterday". Could ya fi dacewa da izinin da ya ɗore na wani zamani, kamar "When we were children, we could play outside until evening".

Ku rubuta jimloli goma da Hausa a kan dokokin makarantarku da na gidajenku, wasu da "kada", wasu da "ba sai", wasu da "ya kamata", wasu da "wataƙila" da "lalle", ku juya su zuwa Ingilishi ba tare da kun bi ta Faransanci ba, sannan ku mayar da biyar daga ciki zuwa lokacin da ya wuce. Ku turo su nan zauren, zan duba su bayan sallar Juma'a in Allah ya yarda.